Takalmin Tudu Daban, Na Fadama Daban

Tun da tsadar abinci ta sa ma'aikatan ofis da yawa suka tuna da gonakin da suka gada, tambayoyin da ake yi mini sun sake kama. A da, abokan aikina a Gusau kan tambaye ni kuɗin buhun shinkafa a kasuwar Talata Mafara. Yanzu kuwa so suke su ji wane iri za su shuka, wane injin ban ruwa ne ba ya shan mai, nawa ake biyan 'yan ƙwadago a wuni. Da wuya ka ji mai tambayar abin da zai sa a ƙafa, sai ya je ya dawo yana ɗingishi. Ni da nake noma gonar gidanmu a Dakko, cikin ƙaramar hukumar Bakura, ina ganin wannan tambaya ta isa a zauna mata, domin wanda ya tafi kasuwa yana neman takalmi guda mai ƙarko da zai yi masa kowane aiki zai dawo da abin da ba zai kai kaka ba.

Dalili kuwa shi ne ƙasarmu iri biyu ce. Akwai tudu, inda gero da dawa da wake suke, rairayi ne mai ɗaukar zafi, cike da tsidau da ƙarangiya da ƙayar aduwa, ga kututturen kara bayan girbi mai kaifi kamar tsinin mashi. Sannan akwai fadama da filayen noman rani da ke shan ruwan madatsar Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato, aka kammala ta a 1978, mai iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. Magudanan ruwanta, waɗanda muke kira kanal, su suka mayar da wannan yanki na Maradun da Talata Mafara da Bakura gidan shinkafa. Manomi ɗaya yana iya yin hantsi a tudu ya yi la'asar cikin laka, kuma kowace ƙasa da irin yadda take kashe takalmi. Tudu yana huda shi daga ƙasa, yana busar da shi daga sama. Fadama tana jiƙa gam, tana ruɓar da zare, tana riƙe takalmin ta saki ƙafar. Wani abokina ya taɓa raka ni gona da takalminsa na fata mai tsada, kawuna ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Malam, wanga takalmi na ohis na. Laka ba ta san ka biya shi da tsada ba.”

Da a ce asarar kuɗin takalmi ce kaɗai, da ban ɓata wa mai karatu lokaci ba. Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne kububuwa. Ƙaramar macijiya ce, galibi ba ta wuce tsawon kamu ɗaya da ɗan ɗoriya ba, launinta ya saje da busasshiyar ciyawa da ƙasa. Idan ta fusata takan murza jikinta ta fitar da wani sauti kamar an yayyafa ruwa a kan garwashi, amma mai gaggawa ba ya ji. Dafinta yana hana jini daskarewa. Wanda ta sara yana iya tashi ya koma gida da ƙafarsa yana cewa abin da sauƙi, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya fara fita ta dasashi, ta fitsari, ta tsohon miki, wani lokaci ya zuba a cikin kai. Tun shekarun 1970 David Warrell da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka bayyana yadda wannan dafi yake aiki, kuma Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana nuna yawan rayuka da gaɓoɓin da saran maciji ke ci a ƙauyukan Arewa. Cikin waɗanda kububuwa ta sara ba su sami maganin dafi ba, kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na rasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutane tsakanin 81,000 da 138,000 kowace shekara, kuma a 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Abin lura ga mai zaɓen takalmi shi ne wurin da saran ke sauka. Mafi yawansa a ƙafa ne, daga yatsu zuwa idon sawu zuwa ƙasan ƙwauri, domin taka ta ake yi ko a gifta kusa da ita. Haƙoran kububuwa gajeru ne, roba mai kauri ko fata mai tauri takan tare su. Kasa ta fi ta dogayen haƙora, tana iya ratsa siririyar roba, saboda haka kada kowa ya ɗauka takalmi laya ne. Duk da haka, tsakanin ƙafa tsirara da ƙafa a rufe akwai tazara mai yawa, musamman ga mutumin da ke nesa da magani. Asibitin da ya shahara da jinyar saran maciji a Arewa yana Kaltungo ne, a Jihar Gombe, tafiyar wuni guda daga nan. Mutumin Dakko sai dai a nufi Talata Mafara da shi, ko Gusau, ko Sakkwato, kuma maganin dafi ba a kowane ƙaramin asibiti ake ajiye shi ba, ga shi da tsada. Lokutan haɗarin ma sanannu ne: sharar gona da farkon damina, girbi lokacin da ake ɗaga dammunan da suka kwana a ƙasa, da ban ruwan dare, sa'ad da layin ruwa ya zo kan mutum bayan isha'i ya fita da 'yar tocila da silifa.

Haɗari na biyu ba ya sara, ba ya ƙara, shi ya sa aka raina shi. Ruwan kanal da ke tafiya a hankali gidan ƙananan dodon koɗi ne, su kuma su ke renon tsutsar tsargiya. Tsutsar tana fitowa cikin ruwa, ta ratsa lafiyayyar fata cikin 'yan mintoci, ba sai da rauni ba. Mu da muka tashi a bakin ruwa mun san lokacin da ake ɗaukar fitsarin jini ga yaro kamar wata alamar girma, alhali ciwo ne mai cin mafitsara da ƙoda a hankali. Takalmin roba yana karewa muddin ruwa bai haura bakinsa ba. Da zarar ya haura, an koma gidan jiya, har ma an ƙara, tunda yanzu ƙafar tana jiƙe cikin ruwan da aka kulle tare da ita.

To, ga fadama babu gardama, takalmin roba mai tsawo ne, wanda 'yan kasuwa ke kira renbut. Sai dai abin da muke kira roba iri biyu ne, kuma mai sayarwa ba lallai ya bambance maka ba. Akwai robar itace, wadda ake dafawa da farar wuta don ta daina narkewa a zafi, dabarar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a Amurka a 1844. Tana da laushi, tana lanƙwasa tare da ƙafa, tana kama ƙasa mai santsi. Maƙiyanta rana da man fetur da gas. Sannan akwai PVC, wadda daga man fetur ake yin ta, ita ce ta cika kasuwanninmu saboda arha. Asalinta abu ne mai tauri, sai an zuba mata wani sinadari take laushi, kuma zafi yana korar wannan sinadarin sannu a hankali. Shi ya sa renbut mai arha yakan yi damina ɗaya lafiya, ya kwana a kan rufin kwano ko bayan ɗaki duk bazara, da damina ta dawo sai ya tsage daidai inda yatsu ke lanƙwasawa. A wurin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, ajiya tana kashe takalmi fiye da aiki.

Idan na shiga rumfa, ninke takalmin nake yi a wannan gurbi na yatsu in riƙe. In wurin ya yi fari-fari ko ya nuna ƙananan tsaga, na ajiye. Sai in matsa jikinsa tsakanin yatsuna daga diddige har baki, domin wasu masu ƙerawa sukan kaurara ƙasa su bar wajen ƙwauri kamar leda, alhali nan ne maciji ke samu. Sai in juya in dubi zanen ƙasan. Zane mai zurfi da faɗin tsakani shi ke zubar da laka da kansa, mai ƙananan layuka kuwa cikewa yake yi ya zama sumul kamar sabulu. Tsawonsa ya kai ƙasan gwiwa. Girmansa kuma a gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a riƙa sawa, a bar wurin babban yatsa guda a gaba, amma diddige ya zauna daram. Mutanenmu suna son sayen wanda ya fi ƙafarsu da lamba biyu wai don iska ta shiga. Iska ba ta shiga, laka ce ke samun abin riƙewa.

Dole a faɗi aibinsa, domin aibin ne ke sa a tuɓe shi. Renbut tanda ne. Gumi ba shi da mafita, ƙafa takan yi laushi ta yi fari, cin ruwa ya kama tsakanin yatsu. Safar auduga mai kauri, biyu a aljihu a riƙa canzawa, tana rage wannan sosai. A wajen dashen shinkafa kuwa, inda laka ke kai wa rabin ƙwauri, na ga ƙarti sun yi taku goma sun cire shi sun jefa kan kunya, kuma ban ga laifinsu ba. Manoman shinkafa na Japan suna da wani siririn takalmi mai laushi da ke manne wa ƙafa kamar safa, an yi shi don wannan aiki, laka ba ta iya zare shi, ko da yake bai kai renbut tare haƙori ba. A Myanmar, inda wani maciji mai irin wannan dafi ke addabar manoman shinkafa, da masu bincike suka ƙera takalmin da haƙori ba ya hudawa, sai da suka bi manoma suna auna ko za su yarda su wuni da shi. Sun gane cewa nauyi da zafi suna cikin lissafin kariya. Ni ma da wannan ma'auni nake saye: tsakanin mai kauri ƙwarai da za a cire kafin azahar da matsakaici da za a jure har magariba, na biyun nake ɗauka.

A tudu lissafin ya juya. Nan fata ce sarauniya, domin tana numfashi, tana jure ƙaya, kuma shumeka yana iya gyara ta. Abin dubawa na farko shi ne yadda aka haɗa saman da ƙasan. Wanda aka manna da gam kawai, rairayi mai zafi da raɓar safiya za su buɗe masa baki. Wanda aka ɗinke ya fi daɗewa, kuma in ƙasan ya cinye ana iya sa masa wani, ko da na taya ne. Sai harshen takalmin: a nemi wanda aka ɗinke gefensa da jikin takalmin har sama, in ba haka ba rairayi da ƙarangiya za su riƙa shiga ta wajen igiya. Ya kuma rufe idon sawu.

Yawancinmu a gwanjo muke samun irin wannan, kuma a nan ne tarkon yake. Takalman aiki na Turai da yawa ana yi musu ƙasa da wani abu mai suna PU, marar nauyi, mai daɗin takawa. Amma danshin iska yana shiga cikinsa yana tsinka ƙwayoyin da suka riƙe shi, zafi kuma yana hanzarta hakan. Abin mamaki, wanda aka ajiye ba a sawa ya fi saurin lalacewa. Saboda haka takalmin da ya fi kyau a tsibi, wanda mai kaya zai ɗaga maka yana cewa, “Alhaji, wannan ko sau ɗaya ba a taka shi ba,” yana iya zama wanda ya shekara bakwai a sito, kuma zai marmashe kamar busasshen burodi a satin farko. A danna farce a gefen ƙasan, a lanƙwasa shi da ƙarfi. In ya yi danƙo ko ya zubo da gari, an gama magana. Takalman da aka yi bisa ƙa'idar EN ISO 20345 suna ɗauke da lokacin da aka ƙera su, a jikin harshe ko a ƙasa, wani lokaci cikin ɗan da'ira mai kama da agogo. A wurin kuma za a ga wasu alamu. S3 na nufin takalmin fata mai murfin yatsu, mai jinkirta shigar ruwa, da faranti a ƙasa mai hana ƙusa hudawa. S5 kuma kwatankwacinsa ne a takalmin roba. Ga mai yawo cikin kututturen kara da ƙayar aduwa, wannan farantin ya fi murfin yatsu amfani nesa ba kusa ba.

Murfin ƙarfen nan da ake yi wa kallon alamar inganci, don masana'anta da wurin gini aka yi shi. Yana da rana ga mai kama shanun huɗa, ko mai sauke injin ban ruwa daga bayan mota. Ga mai noma da hauya, nauyi ne kawai yake ɗauka daga safe zuwa yamma.

Nakan yi mamakin yadda ƙasar da ta ba duniya fatar jan akuyar Sakkwato, wadda ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, take jiran tsofaffin takalman wasu. Gaskiya ne fatar akuya ta yi laushi da yawa ga wannan aiki, ƙirgin sa ake bukata, shi kuma mun fi son mu babbake shi mu ci ganda. Amma majema da dukawa suna nan, bagaruwar jima tana nan, cibiyar binciken fata tana Samaru. Kada kuma a raina takalmin taya da kakanninmu na kusa suka saba da shi. Ta fuskar ƙaya da zafin rairayi har yau babu na biyunsa, kuma sai mai shi ya gaji da shi. Rauninsa ɗaya ne, ya bar saman ƙafa da idon sawu a buɗe, daidai inda kububuwa take nema.

Akwai wani abin da littafin kowane kamfani ba zai faɗa maka ba, ɗan Zamfara kuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. A wannan zamani na rashin tsaro, kamannin takalmi ma abin dubawa ne. Dogon baƙin but mai igiya har ƙwauri, ko mai launin rairayi irin na sojoji, yana iya sa a ɗauki mutum a matsayin abin da ba shi ba, ko a shingen jami'an tsaro, ko a wurin waɗanda ba a fatan haɗuwa da su. Ni jan ƙasa nake saye, gajere, mai kama da na manomi. Na kuma ji manoma a gonakin da ke kusa da daji suna cewa ba za su sa abin da ba za su iya gudu da shi ba. Ba ni da amsar da zan ba su face in ce a nemi mafi sauƙin nauyi, tunda mutumin da ke auna maciji da ɗan bindiga ya fi ni sanin gonarsa.

Alwala ma tana cikin lissafi, domin azahar da la'asar a gona suke samun mutum. Renbut zare shi ake yi a mayar. Mai igiya goma sha biyu kuwa, kwana uku za a yi a fara barinsa a kwance, daga nan ya zama silifa mai nauyi. Masu tunanin shafa a kai su tuna malamanmu na Malikiyya sun sa wa huffi sharuɗɗa, ciki har da ya zama na fata, ɗinkakke, an kuma sa shi da cikakkiyar alwala. Roba ba ta shiga nan.

Ranar feshi, ko a tudu ne, roba ake sawa. Fata tana shan maganin ciyawa da na ƙwari ta riƙe, ta riƙa mayar wa ƙafa da shi duk lokacin da aka yi gumi, kuma wanki ba ya fitar da shi. A saki ƙafar wando a kan takalmin, kada a cusa ta ciki, don abin da ya gangaro ya zuba ƙasa. Takalmin kuma ya tsaya a zaure. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, mun san cewa abin da aka kwaso daga wurin aiki aka shigo da shi tsakar gida, masu rarrafe ne ke fara cin karo da shi.

Kulawar ba ta da wuya. A wanke laka tun tana ɗanya, a kife takalmin a kan sanda a inuwa, kada a kai shi rana ko bakin murhu. Na fata a shafa masa man kaɗanya kafin hunturu ya tsattsaga shi. Renbut na robar itace in ya huje, mai faci zai toshe shi kamar yadda yake yi wa tayar babur, PVC kuwa ba ta cika riƙe faci ba. Kowace safiya a kife a bubbuga kafin a zura ƙafa, don kunama tana son ɗaki mai duhu da ɗumi.

Saura maganar da ta fi damuna. Mu masu gona da ke zuwa ranar Asabar, mu tsaya a kan kunya muna nuni da yatsa, mu ne muke da takalma. Waɗanda ke ɗaga dammuna, masu shiga ruwa da dare, ƙafarsu tsirara ce ko silifa. Idan aka bi yawan haɗari, takalmin yana ƙafar da ta fi ƙarancin bukatarsa. Abin da nake yi yanzu shi ne in ajiye renbut 'yan ƙafa kaɗan a rumfar gona, daga lamba 41 zuwa 44, da safa. A wajen dashe ba na matsa wa kowa, sai dai in tuna musu da maganin tsargiya idan an zo rabawa. Amma a girbi da ban ruwan dare sharaɗi ne, kuma na ga wanda ya fi kowa gunaguni shi ya fara zuwa aro don tasa gonar.

Waɗanda har yanzu ban gama da su ba su ne yaran da ke kai abinci gona, su dawo ta siririyar hanya cikin ciyawa da almuru, lokacin da kububuwa ke fitowa. Ƙananan lambobi suna wuyar samu a kasuwar Talata, masu kaya sun ce ba a tambaya. Na aika Kano, kasuwar Ƙofar Wambai, a nemo mini daga lamba 34 zuwa 37 kafin shinkafa ta nuna.